Uku da Ɗigo Shida

Ta hannu na saye ta, a PZ,
a shagon Tasi'u mai gyara, bayan masu sayar da caja.
Ya ce daga wani ofis ta fito,
ta tsufa, amma ba ta da ciwo.
Na rungumo ta a keke har Samaru
kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Zanen gini nake karanta.
In na ba ta gida mai hawa biyu ta fitar min da hotonsa,
sai in dafa shayi, in sha, in wanke kofi,
in dawo in tarar tana kan taga ta huɗu.

Jazuli ne ya fara hure min kunne:
ai ana ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu,
kamfani ne ya yi mata dabaibayi.
Shi dare ɗaya ya kwance wa tasa,
ya ɗura mata wuta har wuya.
Gari na wayewa, ɗakinsa na warin ƙonanniyar roba.
Gemun ɗan'uwa ya kama,
na koma PZ neman ruwan shafa wa nawa.

Tasi'u bai ɗago daga dalmar da yake narkarwa ba.
Ya ce, "Ka taɓa sa gishiri a miya?
Ana ƙarawa. Ba a cirowa.
Fara da share mata ƙura,
ka goge tsohon man da ya bushe a kanta,
ka ɗiga sabo, kamar ƙwayar wake, kar ya fi.
Ka sayi fanka mai hankali.
Kuma ka rubuta lambobin da ka tarar
kafin hannunka ya taɓa komai."

Na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta:
uku da ɗigo shida.

Watan huɗu ne, kwanon rufi na dafa mutum,
don haka na jira dare ya raba.
Na shiga wancan shuɗin allon mara hoto
inda ba linzami, sai kibiyoyi.
Na ɗaga mataki ɗaya. Uku da bakwai.
Na ɗora mata aiki mai nauyi, na zauna
ina kallon ma'aunin zafi
yadda na taɓa kallon na ƙanwata a asibitin Shika.
Sittin da takwas. Saba'in.
Ta tsaya a nan, tana huci a hankali.

Washegari uku da takwas.
Jibi NEPA ta ɗauke, ban taɓa ta ba;
wutar janareton maƙwabci rawa take yi,
ba na ba mara lafiya ruwan da ban san rijiyarsa ba.

A huɗu da ɗigo biyu ta yi min shiru.
Allo baƙi ƙirin, fanka na juyawa, ba kowa a gida.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Na tuna zanen da zan miƙa ran Litinin,
na tuna kuɗin masarar da Baba ya sayar.
Na zare waya daga bango,
na ciro ɗan batirin nan mai kamar kwabo,
na ƙirga ɗari, na mayar.
Ta yi ƙara ɗaya, siririya.
Ban san na daina numfashi ba sai lokacin.

Akwai layin ƙarin wuta a ƙasa, yana min ƙifce.
Jazuli ya ce taɓa shi kaɗan, za ta kai huɗu da rabi.
Na bar shi yadda na same shi.

Na sauko huɗu cif.
Na bar ta tana aiki tun isha har asuba,
ba ta wuce saba'in da tara ba.

Yanzu gidan nan mai hawa biyu
yana gamawa kafin shayi ya huce.
Ba da yawa ba. Minti shida na samu.
Takardar kuɗin wutar na nan a manne jikin akwatinta,
har yau ban biya ba,
kuma ban yar ba.