Akwatin Kwano

Ranar da muka rufe Baba a Dabai
na fasa kwaɗon akwatinsa na kwano.
Sule guda mai kan sarauniyar ƙetare,
lambar soja wadda tsatsa ta ci bakinta,
rasiɗin haraji na shekarar da aka haife ni,
sai ɗan gicciyen ƙarfe wanda ba nasa ba.

Ɗana Natanayel yana tsaye a kaina,
jininsa na tafasa kamar kunun safe:
"A raba ƙasar nan kowa ya kama gabansa!
Zaman doya da manja har yaushe?
Rawani a fada, babbar riga a Birnin Kebbi,
dawarmu kuwa tsuntsu ke girbe ta,
don mai zuwa gona sai ya yi sallama da gida."

Ban ce ƙarya yake yi ba.
Ni ma na kwana a bayan dutse da damina.

Na ce, zauna, riƙe sulen nan.
Kakanka ya ga daren da aka sauke tutar Bature,
sun yi rawa har ƙafa ta kumbura.
Da gari ya waye mai karɓar haraji ya iso,
shi ne dai na jiya, hula kawai ya sake.
Baba ya biya, ya ce kuɗi na mai hoton ne,
amma gwiwata, wannan tana da Mai ita.

Hakimi bai taɓa shiga majami'armu ba.
Shi ya ba mu filin, shi ya hana mu ƙararrawa
shekara bakwai, sannan ya aiko da rago
ranar da muka ɗora jinka.
Kowace Lahadi Baba na sa shi a addu'a,
wani lokacin da haƙora a cije.
Na tambaye shi dalili, ya ce:
kujera tana lanƙwasa bayan mai zama,
in ba ka roƙa masa ba, wa zai miƙe shi?

Gicciyen kuwa, sau ɗaya ya ba ni labarinsa.
Can hayin Kwara, lokacin yaƙin raba ƙasa,
ya harba cikin rogo, wani ya faɗi.
Da ya juya shi, yaro ne, gemu bai fito ba,
leɓensa na motsi da sunan da Baba ke kira in ya tsorata.
Ranar ce kuma harsashi ya sami cinyarsa,
wanda ya goya shi har bakin ruwa
Lawali ne, mutumin Anka, da carbi a aljihu.
Baba ya dawo da ƙasa ɗaya, da ƙafa ɗaya,
bai ƙara cin rogo ba har ya mutu.

To ɗana, ban san wa ya ja layin taswira ba,
na dai san ba da yatsan Allah aka ja shi ba.
Masu cewa a raba, yunwarsu gaskiya ce.
Amma wuƙar da za ta yanka ƙasa
ta tsakar gidanmu za ta bi:
gwaggonka Asabe na azumin Ramalana,
ni ina na Ista, rijiyarmu ɗaya.
Wane gefe za ka jefa guga?

Sarkin da nake bi, kambinsa ƙaya ne,
ya ɗaura zane ya wanke ƙafar bayinsa.
Da shi nake auna rawani, da shi nake auna tuta,
duk cikinsu ba wanda ya cika mudu.

Natanayel bai ce ya yarda ba.
Ya ajiye sulen, ya bar lambar a inda take.
Gicciyen ya ɗauka, ya daɗe yana juya shi,
sannan ya ce, "Yaron nan, wa ya gaya wa uwarsa?"