Tsakanin Tubali da Tubali

Babana Nomau magini ne a Gamsarka.
Kafin ya ɗora tubali kan ɗan'uwansa
sai ya ɗaga shi daidai ƙirji, ya sake.
Wanda ya fashe ya koma kwaɓi,
wanda ya tsira ya hau katanga.

Ni ginina ba ya ba kowa inuwa.
Manhaja ce, cikin kwamfuta mai tsagaggen murfi
da nake caji a shagon Ɗanliti mai sola,
naira ɗari biyu, in rana ta yi kirki.

Mu huɗu ne a kan aikin.
Dakta Asabe daga jami'a a Dutse,
da ɗalibinta Barau, mai cin gyaɗa kan madannai,
da wani a Zariya da na san muryarsa kawai,
sai ni, da na san gonar kowa
da wanda ba ya ga-maciji da maƙwabcinsa.

Abin da muke so kaɗan ne:
waya ta yi ƙara a aljihun manomi
ta ce, layinka ya zo, buɗe ƙofar ruwa.
A daina kwana bakin kwata da sanda.

Ba mu ƙera komai daga tushe ba.
Mun ɗauko guntun da ke ƙirga lokaci,
wanda dubban hannaye suka riga suka gwada.
Mun ɗauko mai aika saƙo,
da mai riƙe sunaye ba ya mantuwa.
Kowanne na ɗaga shi daidai ƙirji, na sake.
Dakta ta sake nata daga bisa rufi.
Babu wanda ya fashe.

Daren Laraba saƙo ya isa wayar Cindo
awa guda kafin lokacinsa.
Ya buɗe, don mun ce ya yarda da mu.
Ruwan ya bi ta kan irin albasar Gwadabe,
kwana goma sha tara da yafawa,
ya kwantar da shi kamar an shimfiɗa tabarma.

Da safe Gwadabe bai yi faɗa ba.
Ya ajiye min tsiro uku a kan kwamfuta, da lakarsu,
ya tafi.

Kwana biyu muna tono, Zariya na kan layi.
Mai ƙirga lokaci bai yi ƙarya ba,
agogon wata ƙasa yake bi.
Mai aika saƙo bai yi ƙarya ba,
abin da aka miƙa masa ya kai.
Gaskiya biyu suka gamu a duhu
babu wanda ya tambayi wani, ƙarfe nawa a wajenku?

Na gaya wa Baba yana wanke cebur.
Bai ɗago ba. Ya ce,
ni tubali bai taɓa kunyata ni ba, Kande,
laka ce, in na yi sauri wajen haɗi.

Dakta ta zo ran Asabar da irin albasa mudu guda,
kuɗin aljihunta, ba na bincike ba.
A takardar da za mu buga
ta ce a sa sunan Gwadabe cikin masu gwaji.
Ya ce a sa, amma a rubuta daidai.

Yanzu duk inda guntu biyu suka haɗu
nakan zauna a wurin, in daɗe.
Tsiron nan uku sun bushe a aljihun jakata.
Gobe da asuba layin Cindo ne.
Na sa agogona, zan je bakin kwata in gani.