Ƙofa Ta Huɗu

A Oulu, ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya sauka.
Na danna maɓallin makulli,
ƙofofi uku suka amsa: ƙas, ƙas, ƙas.
Ta huɗu, ta baya a hannun dama,
ta yi gum da bakinta.

Babana Aulis ya fito da hular ulu a karkace.
Shekara arba'in da ɗaya ya yi a ƙarƙashin motocin mutane,
kunnensa ya riga hannunsa yin ritaya.
Ya ce, "Sirkku, kada ki fara da mai tsada.
Ba a rushe ɗaki don neman allura."

Muka fara da batirin makulli,
ɗan faifai bai kai kwabo ba.
Na sauya. Uku suka amsa, ta huɗu ko oho.
Ya ce dama ya sani,
mataccen batir ba ya zaɓen ƙofa,
amma ana tambayar kowa kafin a ce ga ɓarawo.

Sai fis, can ƙarƙashin sitiyari.
Ya ɗaga shi gaban tocila kamar mai duba ƙwai.
Zaren cikinsa lafiya lau.
"Wannan ba ruwansa. Mayar da shi gidansa."

Ni na dage ƙanƙara ce.
Sanyin da ke daskarar da gashin hanci,
me zai hana shi kama ɗan ƙarfe?
Muka tura motar gareji, muka kunna hita,
muka sha kofi har ya huce a kofuna,
ruwa na ɗiga daga tayoyi yana neman rariya.
Na danna.
Ƙas, ƙas, ƙas.

Sai ya cire safar hannu
ya shimfiɗa tafinsa a jikin ƙofar
yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi.
"Danna." Na danna.
"Sake."
Ya ce in da ɗan injin ciki ne ke gargara
da ya ji shi yana nishi, yana karkarwa a tafinsa.
Wannan shiru na wanda ba a aiko wa ba ne.
Saƙo ne ke faɗuwa a hanya.

Ya wangale ƙofar.
Tsakaninta da gangar mota akwai maƙogwaron roba,
baƙi, mai tattara kamar wuyan tsoho.
Ya janye shi da bakin sukudireba.
Wayoyi shida. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa,
koriyar ta lanƙwashe ba gardama.
Rigarta kalau, tagullar ciki ta rabu biyu.

"Waya ba ta tsinkewa rana ɗaya," in ji shi.
"Buɗe, rufe, buɗe, rufe.
Shi ya sa kullum ƙofar direba ce ke fara..."
Bai ƙarasa ba.

Ni ma ban ce komai ba.
Nan Mama Helvi take zama, don ta miƙe ƙafa.
Litinin, Laraba, Juma'a, shekara uku,
hanyar asibiti, wankin ƙoda.
Shi ke zagayowa ya buɗe mata har ƙarshen ƙarfe
don sandunanta su samu wucewa,
ya rufe a hankali, ya sake buɗewa
in gefen mayafinta ya maƙale.

Ya nemi almakashi, ya yanke wurin.
Ya ɗauko sabuwar waya, ya ƙara mata tsawon yatsa.
"A bar mata rara, ta samu wurin lanƙwasa."
Hayaƙin dalma ya tashi siriri,
ya naɗe, ya mayar da roba mazauninta.

"Danna."

Huɗu suka amsa.
Shi bai ji ba, sai dai tafinsa na kan ƙofar,
na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa.

Ina share ƙasa na nemi guntuwar koriyar waya in zubar.
Ban same ta ba.
Tana leƙowa daga aljihun rigarsa,
na gaba, wanda yake sa tabarau.