Shafi na Arba'in da Ɗaya

Talata ce, bayan la'asar,
ina auna rodi a Panteka,
mai babur ya tsaya, bai ko kashe inji ba.
"Kai ne Ilyasu Tanko?"
Na ce ni ne, in dai ba bashi ba ne.
Bai yi dariya ba. Ya miƙo takarda da biro,
ya nuna gurbin sa hannu da farce.

Sammaci.
Hatimin kotu a ƙasa, shuɗi, ya ɗan karkace,
kamar mai bugawa na sauri kar jam'i ya wuce shi.
Wai in zo ran Litinin, ƙarfe goma,
ofishin lauya, titin Bida, hawa na biyu.
In zo da bakina,
in zo da littafin shago
na shekarar da kogi ya haura Kigo.

Littafin na cikin akwatin Inna,
tare da katin asibitinta,
wanda Alhaji Barau ya yi ta biya har ta cika.
Ɓera ya ci bango, ya ci lissafin ƙusa,
amma ya bar shafi na arba'in da ɗaya.
Rubutuna ne, jan biro:
Yohanna ya kawo rabin jari, dubu ɗari huɗu.
Alhaji ya sa hannu, Yohanna ya dangwala.
Yau shekara uku Yohanna na ƙasa,
matarsa Saratu na tuyar ƙosai a Kakuri.

Daren Asabar buhun shinkafa ya iso daga gidan Alhaji.
Babu saƙo.
Uwani ta tsaya a kansa da wuƙa a hannu:
"A farke ko a bari?"
Na ce a bari.
Kwana biyu yana zaune a zaure,
baƙon da ya ƙi faɗin abin da ke tafe da shi.

Litinin na yi alwala tun daga Tudun Wada,
na riƙe ta kamar ƙwai
cikin cunkoson kasuwa da hayaƙin Keke Napep.
Ɗakin da sanyi. Lauya biyu,
yarinya ɗaya a gaban na'ura, yatsunta na jiran harshena.
Saratu a kusurwa da jakar leda a cinya.
Alhaji na jan carbi, yana kallon silin.

Na ɗora hannu a kan Alƙur'ani.
Ban taɓa sanin hannuna na da nauyi haka ba.

"Ka gani da idonka?"
Na gani.
"Wace rana ce?"
Ban tuna ba.
Na jira a yi min tsawa, ba a yi ba.
Ashe "ban tuna ba" ita ma amsa ce,
muddin ba aro ta ka yi ba.
"Alhaji ya taɓa cutar ka?"
Ko sau ɗaya. Shi ya sayi likkafanin uwata.
"To, rubutun wa ke nan?"
Nawa ne.

Carbin ya tsaya.

Da aka karanto min maganata,
sai na ji dubu arba'in.
Na ce ranki ya daɗe, sifili ɗaya ya faɗi a hanya.
Aka nemo shi, aka mai da shi mazauninsa.
Shafi tara, na sa hannu a ƙasan kowanne,
suka karɓi littafin, suka manna masa lamba,
suka ba ni rasit ɗan mitsitsi a madadinsa.

A matakala muka haɗu da Alhaji.
Ya dube ni tun daga hula har silifa,
ya ce, "A gaida gida."

Na tarar Uwani ta tuƙa tuwon masara,
ta riga ta yi magana da mai baro
ya zo da asuba ya ɗauki buhun.
Makullin shago na nan a aljihuna.
Gobe zan gwada in ga
ko har yanzu yana buɗe kwaɗon.