Abin da Gara Ta Rage

Shekara goma sha ɗaya Malam Arzika yana ƙirga ruɓa.
Kowace safiya ya shiga rumbun albasa,
ma'aunin zafi a aljihu, fensir a bayan kunne,
ya tsuguna, ya matsa wuyan kowace ɗaya
kamar mai neman jijiya a hannun majinyaci,
ya rubuta: yau bakwai sun yi ruwa.

Littafi goma sha tara ya cika,
ya ɗaure su da tsumma, ya aza bisa kabad.
Da ya rasu, damina biyu ba a buɗe ofishin ba.
Ranar da na buɗe,
gara ta riga ni karatu.
Ta cinye watan Afrilu na shekara shida,
ta bar mini bango da garin lissafi.

Ni ce Ige, ɗalibarsa ta ƙarshe.
Na kwashe saura a faifai kamar mai tsince shinkafa,
shafi-shafi na ɗauki hotonsa,
lamba-lamba na shigar,
inda rami yake na bar shi rami.

A Aliero mun san ɗori.
Daga Jega, daga Gwandu, daga hayin iyaka
ake kawo mana ƙafa a karye.
Kakana yakan ce ƙashi ba ya ƙin ɗan'uwansa,
a dai kawo su kusa, a ɗaure, a yi haƙuri.

Bayan ɗakin gwaji akwai wani ɗaki marar taga,
a ciki na'urar ajiya tana gurnani kamar kyanwa,
ƙananan fitilu suna ƙifta ido.
Ranar da ke dafa mana albasa a rumbu
ita ke sauka kan faifan sola ta ba ɗakin sanyi.
Namakka ke tsaronsa, tabarmarsa a bakin ƙofa,
ya san tarin kowane batir.

Ƙarfe biyun dare muke aikawa,
lokacin da hanya ta yi fili, gari ya sauka daga waya.
Sau uku ta tsinke a tamanin da uku cikin ɗari.
Namakka ya dafa shayi. Muka sake.

Kwana tara babu motsi.
Ran na goma, wata mata daga Galmi,
da Faransanci rabi, Hausa rabi:
Ina da Afrilu. Mahaifina ma ya ƙirga.

Na jawo nata, na kara da namu.
Bai zauna daram ba, ƙasarsu ta fi tamu bushewa,
amma baki ya kama baki.
Wata babbar na'ura, a birnin da ban taɓa takawa ba,
ta ara mana ƙwaƙwalwarta.
Lissafin da kwamfutata za ta kai Sallah tana nishi a kai
ya dawo kafin shayi ya huce.
Ya ce ba zafi kaɗai ba ne,
laima ce ke hawowa ta ƙasa, dare uku a jere.
A ɗaga gadon rumbu kamu ɗaya, a bar iska ta ratsa.

Na kai wa Baba Kwaire labari a fadama, ina taƙama.
Bai ɗago daga kunyarsa ba.
Ya ce, ɗiyata, haka innata Tumba ka yi,
ku dai ba ku tambaye ta ba.

Na koma na buɗe sabon layi,
na rubuta Tumba kusa da Arzika.

Jiya masu gina kwalbati sun sare wayar ƙasa,
kuɗin layi kuma ƙarshen wata zai ƙare,
takardar roƙo tana kan teburin wani.
Amma littattafan Malam suna kwance a gari uku yanzu,
inda gara ba ta da dangi.

Na wanke hannu sau biyu kafin in taɓa madannai.
Har yanzu suna warin albasa.