Tsakanin Hoto da Hoto

A Castro, can tsibirin Chiloé,
gidanmu na tsaye bisa ƙafafun katako.
Teku kan shigo ƙarƙashinsa sau biyu kullum,
ya leƙa, ya koma, ba sallama.
Na ce sai na kama shi yana tafiya.

Na kafa kyamara a tagar kicin,
na ɗaure ƙafafunta uku da igiyar kamun kifi,
na ƙwace mata ikon zaɓi:
buɗin ido, saurin ƙiftawa, duk na kulle,
don kada kowane hoto ya zo da nasa haske
fim ya riƙa rawa kamar kyandir a bakin ƙofa.

Saura mai dannawa.

Akwai agogo a cikin cikinta.
Ka ce mata daƙiƙa goma, ta ji, ta bi,
sai dai ƙirgarta na cijewa a dubu ba ɗaya,
teku kuwa sa'a shida yake yi
kafin ya gama kwashe komatsansa.

Aliro Barrientos ya ara min wata 'yar na'ura mai igiya,
daga Puerto Montt ya sayo ta,
ba ta gajiya da lissafi, in ji shi.
Sanyin asuba ya shanye batirinta
tun ruwan shayi bai tafasa ba.

Na koma kan waya. Waya ta yi abin kirki,
har Nolfa ta kira tana cigiyar kuɗin dankali.
Hoto arba'in suka bi ruwa.

Kaka Eduvina na gefen murhu, ulu a cinya,
kwana uku ba ta ce uffan ba.
Ran na huɗu ta ce, "Miƙo min igiyar nan mai maɓalli.
Duk layin da na kai ƙarshe, in danna."
Na ce, Kaka, abin nan daidaito yake so,
tazara ɗaya, ba ragi ba ƙari.
Ta ce, "Shekara sittin ina saƙa.
Ka taɓa sa rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya?"

Na tafi aiki. Na bar su su uku:
ita, allura, da teku.

Da dare muka zauna gaban kwamfuta.
Hoto ɗari uku da sha biyu,
ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa,
wuni ya tsuke ya koma daƙiƙa sha uku.
Ruwa ya zame kamar an janye bargo,
kwalekwale mai ruwan ɗorawa ya kishingiɗa a laka,
agwagin nan masu baƙin wuya sun zama ɗige-ɗige,
masu tsintar katantanwa suka fito, suka ɓace,
ko sunkuyonsu ba a gama gani ba.

Amma sau uku teku ya yi tsalle.

Na farko, ta ce, itace ta ƙara wa murhu.
Na biyu, zare ne ya sarƙe.
Na uku ya fi tsawo:
inuwar gida ta ƙetare taɓo a ƙiftawa ɗaya,
minti ashirin, ko fi, babu su.
Na dube ta.
"Wani shuɗin jirgi ne ya wuce," ta ce,
"irin na Belarmino.
Na tsaya na ga shigarsa kwana."

Jirgin ba ya cikin ko hoto ɗaya.

Yanzu ina da na'ura mai babban batir,
na naɗe ta da tsohuwar safa saboda sanyi.
Daƙiƙa biyu ga gajimare, minti ga inuwa,
sa'a guda ga furen dankali.
Fina-finaina sumul suke, ba tuntuɓe.

Rigar da ta saƙa ran nan ce a jikina.
Na auna hannuwan.
Daidai suke.