Gidan da Ba Ya Mayar da Baƙo

An ɗauke wuta a Domayo,
na haska fitilar waya kan takardun Malam Bakari.
Jadawalin lambobi, uku kwance, uku tsaye,
waɗanda duk abin da suka juya
suna iya mayar da shi yadda yake.
Dangin da nake wa hidima ke nan tun farkon damina.

A ƙasar da ƙidaya ba ta dawowa sifili
komai na rabuwa salin-alin, kamar ɓarin goro.
Amma nan, inda biyar ke komawa babu,
abubuwa sun sarƙe,
ƙarami ya maƙale cikin babba, ya ƙi fita.

Ranar Talata Malam ya zana wani gida a allo,
ya ce: wannan, in hanya ta taso daga ɗaki guda ta iso shi,
to ana iya shimfiɗa ta daga dukan unguwa.
In kuwa shi ya sauka gidan wani,
da ƙofarsa yake zuwa,
ya tashi bai tsaga bangon kowa ba.

Na ajiye biro. Ai na san gidan nan.
Na Goggo Jaratu ne, a bakin Mayo Kaliyawo,
wadda ta karɓi yaro ɗaya daga Kuseri shekarar ambaliya,
kafin sati uwarsa da awakinta suna tsakar gida,
kuma tuwo bai gaza ba.

Hujjar saura shafi biyu.
Caji saura kashi tara.
Sauro ya gano ƙafata a ƙarƙashin tebur.